Bawana Bazazzagi Ya Dafa Tuffa

Bawana Bazazzagi, mazaunin Nottingham, ubangidanka na gaishe ka. Labari ya iso Kano cewa ka rungumi girkin Turawa, wai in ka taso daga aiki cikin minti 30 ka haɗa abincin dare a kasko ɗaya. Madalla. Da na bi diddigi sai na ji ashe girkinsu na naman alade da tuffa ka ɗauko. Kada ka fara rantse-rantse, na san ba ka ci ba. Ka cire aladen ka sa ƙirjin kaza, ka cire giyar tuffar da suke zubawa ka sa ruwan famfo. To, don Allah me ya rage? Albasa da tuffa da ƙarfin hali.

Zauna in karantar da kai, tunda ku Zage-zagi kuna taƙama da ilimi amma kullum sai Bakano ya buɗe muku littafin. A ƙauyukan Ingila na da, wajen watan Nuwamba ake yanka alade, lokacin da ciyar da shi zai fara tsada, sanyi kuma zai hana naman lalacewa. Daidai lokacin nan an gama tsinkar tuffa, kowane gida na da ita jibge. Dabbar ma a lambun tuffar take kiwo, tana tsintar wadda iska ta kaɗo, har akwai wani iri mai ɗigon baƙi a Gloucestershire da ake yi wa laƙabi da aladen lambu. Namansa kitse ne da shi sosai, maiƙo kuwa yana ginsar mutum in ba a karya shi da tsami ba. Aikin tuffar ke nan a cikin kaskon. Mutanen Normandi a Faransa su ma haka suke yi, sai dai su ƙara da man shanu da kirim.

Abin da ya fi ba ni haushi, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Daga inda kake zuwa garin Southwell bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba, kuma can ne asalin tuffar girkin da Ingila ta fi ji da ita, mai suna Bramley. Wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ita ta shuka ƙwallon a 1809. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan da bishiyar. Da wani saurayi mai suna Henry Merryweather ya zo a 1856 yana roƙon rassa don ya dasa ya sayar, mahaucin ya ce ya yarda, amma sai an sa wa tuffar sunansa. Yarinya ta shuka, mahauci ya ci suna. Na so a bincika min asalin mutumin nan, ina zargin ya taɓa kwana a Zariya.

Ita Bramley ƙatuwa ce, kore, mai faɗin gindi, in ka gatsa ta ɗanya sai haƙoranka sun mutu. Tana jin wuta take narkewa ta zama lugub. Kai kuwa ka shiga kanti ka zaɓo ja mai sheƙi, irin wadda muke kai wa marar lafiya dubiya a asibiti, zaƙi zalla. Ka haɗa ta da ƙirjin kaza, naman da ko ka matse shi ba ka samun ɗigon mai. Hoton da ka watsa wa dangi ina da shi: kaza fara fat kamar ba ta ga wuta ba, yankakkiyar tuffa na iyo a ruwa tsululu, albasa ta rungumi gefen kasko. Har ka rubuta a ƙasa wai "kazan ya yi daɗi". Shekara nawa a Turai, har yau kaza namiji ce a bakinka.

Kuma kai ne bai kamata a koya wa amfanin tsami ba. Faten da kuka gina Zazzau da shi, me ke tashinsa in ba yakuwa da rama ba? Wace Bazazzagiya ce za ta dama tsaki ta zuba masa mangwaro nunanne? Da ka tuna tukunyar gyatumarka, da ba ka ji kunya a gaban maƙwabta ba.

Ga yadda za ka yi, kyauta na ba ka, ko da yake Bakano bai saba ba. Je wurin mahaucin halal ka sayi haƙarƙarin rago mai kitse. Sa gishiri, ɗora a kasko mai zafi, kada ka taɓa shi sai gefen ya yi ja ya saki kaskon da kansa, kamar minti 4, sannan ka juya. Kwashe naman. Cikin man da ya tsatso za ka soya albasa, ka bi ta da tuffa mai tsami, yanka manya. A madadin giyar, zuba romo kaɗan da cokali ɗaya na ruwan tsamiya, ka kankare abin da ya kama a gindin kaskon, nan daɗin yake. Mayar da naman, barbaɗa yaji, ka sauke. Ka ci da zafinsa, don kitsen rago in ya huce daskarewa yake a ganɗa. Kada ka ce na ƙirƙiro bidi'a: mutanen Maroko tun da daɗewa suke dafa rago da safarjal, ɗan'uwan tuffa ne mai tsami da ƙamshi.

In ka gwada ya yi kyau, ka aiko da hoto, ka kuma rubuta a ƙasa cewa Bakano ne ya koya maka. In ya sake lalacewa, ka kira gida a aiko maka da tsaki da busasshiyar rama, ka koma sana'ar kakanninka.

Naka,
Ubangidanka Bakano.