Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Baba Akwatin Talabijin

Baba,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, da fatan ƙurar falo ba ta dame ka ba. Na ce bari in rubuto in yi maka jaje, don na lura mutanen gida kunya ta hana su faɗa maka gaskiya. Baba, an yi maka juyin mulki. Ba a harba bindiga ba, ba a sa kiɗan soja a rediyo ba, amma kujera dai ta tafi. Wayar hannu ce ta hau, yarinyar da ko sa'ar jikarka ba ta kai ba.

Ka tuna zamaninka? Tun 1977 da aka haɗa tashoshi aka kafa NTA, kai ke yanka wa jama'a lokaci. Ba ka buɗe ido sai bayan la'asar, mu kuwa tun kafin nan mun jeru muna kallon allo babu komai. Ƙarfe tara na dare labaran ƙasa, ko mutum ya so ko ya ƙi. Ranar Samanja kuwa yara kan yi wanka ba a sa su ba, domin mai akwati ba ya barin ƙafa mai ƙura ta hau masa tabarma. Wanda bai samu shiga ba ya maƙale a taga. Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya murɗa gashin baki ya kwaɓa Turancin bariki, sai ɗaki ya ɗauka da dariya lokaci guda. Ga Karkuzu daga Jos, ga Ƙasimu Yero daga Kaduna, ga Kuliya Manta Sabo daga Kano. Yaron da aka aika sayen kananzir a daidai lokacin, shi ke nan ya rasa, sai dai gobe a ba shi labari a makaranta da ƙarin gishiri.

Wannan ikon ne aka ƙwace, Baba. Yanzu mutum ke zaɓar abin da zai kalla da sa'ar da zai kalla. Ya tsayar da fim ya je ya yi salla, ya dawo ya tarar da jarumi bakinsa buɗe yana jiransa. Kai ka taɓa jiran wani?

Na ji kana zargin Netflix. Gaskiya ne ta shigo Najeriya tun 2016, amma a unguwanninmu hannunta kaɗan ne a wannan aika-aika, tunda kuɗin wata take so ta katin banki, kayan Hausa kuma ba su cika mata rumbu ba. Wadda ta yi maka illa YouTube ce. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta riga ta durƙushe, sai zaman kullen korona na 2020 ya zo, 'yan Kannywood suka koma fim mai dogon zango. Lawan Ahmad ya fito da Izzar So, Aminu Saira ya fito da Labarina, jama'a suka bi su cikin waya. Wanda ba shi da data ma bai dawo gare ka ba, wurin masu turi yake zuwa a bakin titi, ya ba da 'yan canji a loda masa mako guda a katin waya.

Amma Baba, tsakani da Allah, kai ma da hannunka a ciki. Shekara nawa kana ba mu labarin gwamna ya tafi, gwamna ya dawo, matar gwamna ta raba atamfa? Sau nawa ana tsakiyar wasa, alƙali zai yanke hukunci, sai wuta ta ɗauke, kai kuma ba ka san maimaici ba? Ban da yaron da ake turawa waje ya riƙe sandar eriya yana juyawa, ana yi masa ihu daga ɗaki: ya yi, bai yi ba, koma baya kaɗan! Da masu kallo suka gudu, masu talla suka bi su, don ɗan kasuwa ba ya shimfiɗa kaya inda babu ƙafa.

Kada ka ce ban kawo maka abin sanyaya zuciya ba. Sabuwar gwamnatin ma ba kyauta take mulki ba. A farkon 2025 aka amince kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin ɗari, data ta koma abin lissafi. Labarin da za a gama a zama uku sai a ja shi zango bayan zango, ana cikin kuka a yanke a yi maka tallar fili ko maganin basir. A falon nan da kake zaune, mutum biyar waya biyar, kowa da abin kunnensa, ɗaya na dariya ɗaya na share hawaye, babu wanda ya san dalilin ɗan'uwansa. Abin dariyar ma, mutanen da suka ce sun gaji da jiran lokacinka, su ne ke zaman jiran daren Juma'a a saki sabon Labarina. Ko Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta gane inda kujerar ta koma, shi ya sa a 2025 ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango sai an kawo mata ta duba.

Ƙaninka Arewa24, da ya zo a 2014, bai tsaya fushi ba. Yana nuna Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a akwati, ya kuma kai su intanet don wanda barci ya sace.

Saboda haka roƙona ɗaya ne. Ka yi wa 'yan'uwanka na Kaduna da Kano da Jos magana, su buɗe ɗakunan ajiya, su kakkaɓe kaset-kaset ɗin Samanja da Karkuzu da Kuliya da suka rage, su ɗora su a intanet kafin zafi da gara su gama da su. Mu za mu sayi datar.

Wassalam.

Naka,
Ɗan kallo mai biyayya.