Ɗan Koyo Mai Furfura

Shekara 19 na yi ina tuƙi a Kano. Na bi Kurna da yamma lokacin tashin 'yan kasuwa, na shiga Kantin Kwari ana jibi Sallah na fito da madubaina duka biyu. Saboda haka da aiki ya kai ni Coventry a Ingila, lasisin tuƙi ba ya cikin abubuwan da suka hana ni barci. Sanyi ne damuwata, sai inda zan samo daddawa. A zatona zan miƙa katina na Najeriya, su duba, su jinjina, su ba ni nasu.

Wani Bazazzagi da ya riga ni zuwa ya ce doka ta yarda in yi wata 12 ina tuƙi da lasisin gida. Wannan rabin na ji. Ragowar bayanin ya yi shi ne bayan an ajiye mana tuwo.

A wata na 11 na zauna zan cike takardar musanya. Hukumar lasisinsu da ke Swansea tana da jerin ƙasashen da take karɓar katinsu ta ba da nata ba tare da jarrabawa ba. Na ɗora yatsa ina bi. Ga Japan, ga Kanada, ga Afirka ta Kudu. Ga Zimbabwe! Na koma sama na sake sauka a hankali, ko harafin N ya ɓuya. Na same shi, amma na New Zealand ne.

Abin ya yi mini ciwo, don mu ma da hannun hagu muke bi irin nasu, har ranar 2 ga Afrilun 1972 da gwamnatin Gowon ta mayar da mu dama. Mahaifina a hagu ya koyi mota. Na ce wa uwargida in gado za a bi, ina da rabo a titin nan. Ta ce, "To Malam, sai ka rubuta musu."

Na biya fam 34 aka aiko mini da lasisin 'yan koyo. Ga jan L a gaba, ga jan L a baya, kuma ba ni da ikon fita ni kaɗai sai da wanda ya kai shekara 21, ya kuma yi shekara uku da cikakken lasisi. Duk dangi mutum ɗaya ne ya cika sharaɗin: ɗan yayata da ke karatu a can, yaron da ni na riƙe ƙafar ragon sunansa. Ya harɗe a gefena yana cewa, "Kawu, madubi. Kawu, sigina. Kawu, hannu biyu a sitiyari." Ni da nake juya mota da tafin hannu ɗaya ina ɓare gyaɗa da ɗayan.

Jarrabawar farko a kwamfuta ake yi, fam 23. Tambaya 50, ana son ka ci 43. Wannan ba ta ba ni wuya ba, wanda ya yi makarantar allo hadda ba ta ba shi tsoro. Kashi na biyu ne ya kayar da ni. Bidiyo 14 za a nuna maka kamar kana cikin mota, da ka hango haɗari na tasowa ka danna, ana son maki 44 cikin 75. To ɗan Kano ina ne ba ya ganin haɗari? Mai keke, na danna. Tsohuwa a bakin titi, na danna. Motar da aka faka, na danna, don na san ƙofa za a buɗe. Bishiya ma na danna, saboda a iya sanina bayan kowace bishiya akwai akuya. Ashe in ka yi ta danne-danne na'urar ɗauka take kana caca, sai ta ba ka sifili. Na sake biyan fam 23, na koyi kallon bishiya in yi shiru.

Sai gwajin titi, fam 62, kusan minti 40. Kafin ka taɓa mota za ka karanta lambar wata daga nisan mita 20. An yafe maka ƙananan kurakurai har 15, amma babba ɗaya ya isa a sallame ka. Na ce 15? Ai waɗannan mutanen kirki ne.

Minti shida muka yi muka iso shataletale. A ƙa'idarsu na ciki ke da hanya, kai ka jira wanda ke zuwa ta damanka. A ƙa'idar da ta raine ni, wanda ya fara cusa hancin mota shi ne mai hanya, sauran kuma 'yan'uwa ne, za su yi haƙuri. Na hango 'yar kafa tsakanin bas da wata jar mota, kafar da a titin Gidan Zoo adaidaita sahu biyu za su shige su bar wa mai lemo wuri. Na ɗan taɓa oda don sallama, na cusa kai. Mai gwajin ya taka birkin da ke ɓangarensa har takardarsa ta faɗi. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauko ta, ya yi ɗan rubutu, ya roƙe ni cikin ladabi in ci gaba. Da ma zagina ya yi.

Karo na biyu na je da tuba. A wata mahaɗa wani ya ƙyafta mini fitila. A gida ma'anar wannan ɗaya ce: kauce, ga ni nan tafe, ba ni da niyyar tsayawa. Na daskare. Ya sake ƙyaftawa, na ƙara danne birki. Ashe a can hannu yake ba ni. Muka zauna muna kallon juna kamar surukai a bakin ƙofa, motoci suka yi layi a bayana, ba wanda ya danna oda ko sau ɗaya. Na faɗi saboda yawan jinkiri, ni da wancan karon gaggawa ta kayar.

A tsakanin nan uwargida, wadda ba ta taɓa riƙe sitiyari a Kano ba, ta shiga sau ɗaya ta ci. Ita ke kai ni wurin aiki. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai kullum in na sauka takan ce, "Allah Ya ba da sa'a, Malam," da wata irin murya.

A karo na uku na ci, da ƙananan kurakurai tara. Na cire jan L na jefa a kwandon shara, na dawo na ɗauke shi don kada yara su samu abin wasa.

Da babbar Sallah muka zo gida, na karɓi motar ƙanena. A wata mahaɗa kusa da Ƙofar Nassarawa wata baƙar jif ta ƙyafta mini fitila. Na ɗaga hannu na yi godiya, na shiga abina. Ƙarar birkinsa sai da ta tayar da tattabarun unguwar. Direban ya sauke gilashi, ya dubi furfurata, ya dubi hannayena biyu a kan sitiyari, ya ce, "Haba Baba! In ba ka iya ba, ka je ka koya mana."