Su Malam Mai Ƙirgen Firem

Ranar Asabar aka ɗaura auren 'yar ƙanwata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe kamar yadda aka buga a kati. Wanta, wanda aka damƙa wa kuɗin goro da alawa tun ranar Laraba, bai iso ba sai ƙarfe ɗaya, lokacin da masu hayar kujeru suke lodi a bayan a-kori-kura. Wai cunkoson hanya ne ya tsare shi. Unguwar da ya fito ko da ƙafa aka taho ba a yin minti ashirin. Na haɗiye, don ranar farin ciki ce.

Da yamma na tarar da shi a falo ya zaunar da wani ƙaramin yaro cikin 'yan biki, ya miƙa masa fad, ya kunna Tekken 8. Yaron ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa bugawa ba. Aka shiga turmin farko, aka cilla ɗan wasansa sama, aka dinga yi masa luguden naushi a iska, bai sake taka ƙasa ba sai da aka haɗa shi da bango. Turmi na biyu haka, na uku haka. Yaro ya ɗago kai yana neman mai yi masa jaje. Sai gogan naku ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce: "Matsalarka makara. Ka makara da firem uku."

Firem uku, jama'a. Sakan ɗaya za a yanka gida sittin, a ɗauki uku. Ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo. Kuma mai wannan hisabi shi ne wanda ya sa aka shafa fatiha babu goro. Na ciro waya na buga lissafi: awa biyu sakan 7,200 ne, a ninka sau 60, ya tashi firem 432,000. Na ce masa, "Kai kuma da safe da firem dubu ɗari huɗu da talatin da biyu ka makara." Ya ce, "Haba Kawu, ai wannan daban."

Tun daga lokacin na koma auna duniya da firem, kuma wallahi ta fi ban tsoro. Kwana ɗaya firem miliyan biyar ne da ɗoriya. Telan da ya ce in zo ranar Alhamis, ya manta bai faɗi wace Alhamis ba, mako guda kacal ya ƙara amma ya ci min sama da firem miliyan talatin da shida. Abokin da ya ranci kuɗi ya ce zai kawo bayan Sallah, wayata ta ƙi nuna adadin nasa, sai wasu haruffa take fitarwa. Shawarata ga masu buga katin biki su daina rubuta "ba African time", tunda babu mai ji. Su rubuta cewa duk wanda ya makara da firem goma za a hukunta shi. A Tekken naushin da ya fi sauri firem goma yake ɗauka, saboda haka duk bugun da aka tare ya bar ka da ragin goma, to ka jira sakamako. Wannan yaren samarinmu suke ji. Ka ce musu waliyyi yana jira, ko a jikinsu. Ka ce musu suna kan ragin goma, tun asuba za su zo su share ƙofar masallaci.

Har cikin gida ma ma'aunin yana aiki. Uwargida ta ce a kawo kuɗin cefane, ka tare da "bari in je in dawo". Ka tare ɗin, amma kana kan ragin goma sha biyar, kuma a Tekken daga nan ake cilla mutum sama.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ya biyo baya. Yaron ya ajiye fad a hankali, ya tambaya ko akwai gem ɗin ƙwallo. Sai mutumin naku ya yi ajiyar zuciya, ya juyo gare ni da fuskar wanda aka zalunta: "Ka gani ko, Kawu? Mutanenmu ba sa son gem ɗin faɗa. Kowa sai ƙwallo. Shi ya sa ba ma ci gaba." Yanzun nan fa ya gama korar mutum ɗaya tilo da ya yarda ya gwada. Haka suke ko'ina, daga Kano har Tokiyo. Su lakaɗa wa baƙo duka, su bi shi da lacca, ya tafi, sannan su zauna suna makokin cewa babu sababbin jini.

Su a ganinsu tsoro ne yake sa mutane gudu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba tsoron duka ba ne. Tsoron rashin uzuri ne. A gem ɗin ƙwallo idan aka zura maka huɗu, kana da gola, kana da alƙali, kana da ɗan bayan da ya tsaya yana kallo, kana kuma da tsohuwar hujjar nan cewa kwamfuta ce ta riga ta rubuta wanda zai ci. A PUBG ko Free Fire kuna da yawa a ƙungiya, kowa yana da wanda zai zaga, kowa ya kwana da mutuncinsa. A gem ɗin faɗa daga kai sai shi, agogo yana gudu, jama'a suna tsaye a bayanku. Idan ka faɗi, kai ka faɗi. Ɗan Adam yana iya jure asara, amma asarar da babu wanda za a ɗora wa, wannan sai mai ƙarfin imani. Masu bugawa ta intanet ne kaɗai Allah ya rufa wa asiri, don su suna da sabis. Ban taɓa jin wanda aka doke ta intanet ya ce an fi shi iyawa ba. Kullum sabis ne ya tsaya daidai lokacin da zai yi abin mamaki.

Sannan ga aikin gida. Mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye, yana so ya huta da wasa, sai a ce masa ai ba a fara da wasa. Sai ya shiga ɗakin atisaye tukuna, shi kaɗai, ya yi ta dukan mutum-mutumin da ba ya ramawa har yatsunsa su haddace. Tun 1991 da kamfanin Capcom ya fito da Street Fighter II ake fama da ƙasa, ƙasa-gaba, gaba, naushi, kuma har gobe akwai dattawa masu jikoki da idan suka gwada sai Ryu ya yi tsalle kawai ya sauka a kan naushin abokin gaba. A Tekken kuwa ɗan wasa ɗaya yana da bugu sama da ɗari, 'yan wasan sun haura talatin, kuma wai dole ka san na kowa, don wanda ba ka sani ba da shi za a kashe ka. Wanda ya kasa haddace karatun jarrabawar WAEC shi ne yake karanto maka jerin kamun King, ɗaya daga cikin 'yan wasan Tekken, babu tuntuɓe.

To ka daure ka ci su ma ba ka tsira ba. Duk wanda ya yi zamanin Tekken 3 a PlayStation ta farko ya san Eddy Gordo, ɗan Burazil ɗin nan mai wasan kafuwera. Ka runtse ido ka yi ta danna maɓallan ƙafa biyu, Eddy zai yi ta juyi yana harbi har gwanin unguwa ya kwanta. Nan take za a kafa kotu. Wannan ba ci ba ne, danne-danne ne. Idan ka tsaya nesa kana jifa da wuta, kai matsoraci ne. Idan ka maimaita shara sau uku, ba ka da tarbiyya. Idan shi ya maimaita ta sau goma, wai yana koya maka tarewa ne. An doke ka laifinka, ka yi nasara laifin gem.

Capcom da kansu sun gane ana gudu. Da suka fitar da Street Fighter 6 a 2023 sai suka sa sabon tsarin dannawa mai suna Modern, wanda maɓalli ɗaya yake fitar da bugun da a da sai an murɗa yatsa, suka rage ƙarfinsa da kashi 20 cikin ɗari don a yi adalci. Kamfani ya buɗe wa baƙi ƙofa, su Malam suka tsaya a bakinta suna yi wa duk mai shigowa kallon ɗan alfarma. Nan ne raha take ƙare min. Mutum ya sayi gem da kuɗinsa, ya sayi data, ya sayi man janareta, sannan wani ƙato da ko aikin yi ba shi da shi ya ce masa nasararsa ba ta halatta ba saboda yatsansa bai sha wahala ba? Wace hukuma ce ta naɗa ka mai tantance wahalar yatsu?

Kuma kafin a sallame ka sai an nuna maka bidiyon Daigo. Babu makawa. Gasar Evo ta 2004 a Kalifoniya, Street Fighter III, Daigo Umehara ɗan Japan da Ken ɗinsa saura ƙiris ya mutu, Justin Wong na Amurka ya sako masa babban harbin Chun-Li, shi kuma ya kakkaɓe duka goma sha biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya ya juyo ya gama da shi. Abin burgewa ne, ban musa ba. Amma an fi shekara ashirin ana nuna shi, kuma mai nuna maka yana kallon fuskarka ne, ba allon ba, yana jiran ka yi kabbara. Abin da ba sa cika faɗa shi ne Daigo bai ma ci gasar ba, na biyu ya zo. Idan ka nuna alamar gajiya sai a jefo maka kuɗi: ai a 2024 wani ɗan Taiwan mai laƙabin UMA ya ci dala miliyan ɗaya a gasar Capcom Cup. Madalla. Shi mai ba ka labarin kuma katin waya na ɗari biyu yake nema ka tura masa.

Amma bari in faɗi abin da duk masana suka tsallake, wato fad. Kowane gida fad biyu ne, na maigida da na baƙo. Na maigida sabo ne dal, a cikin kwalinsa yake kwana. Na baƙo kuwa ya ga duniya. An naɗe shi da salatif, an ɗaure wayarsa da kyauro, maɓalli ɗaya ya nutse ciki tun zamanin da ake sayen fetur naira 87, sai ka sa farce kake tono shi. Sandarsa tana da ra'ayin kanta: ko ba ka taɓa ta ba ɗan wasanka zai kama tafiya gaba, kai tsaye wurin wanda zai kashe shi, cikin natsuwa. Akwai wanda idan ka girgiza shi za ka ji wani abu yana kaɗawa a ciki, kuma babu wanda ya san mene ne, har mai gyaran ya ce a bar shi haka. Akwai mai ɗauke wuta idan ka karkata hagu, sai ka yi wasan gaba ɗaya a sandare, wuya a miƙe. Idan ka yi ƙorafi a ce, "Lafiyarsa ƙalau, jiya ma da shi aka buga." Ƙwarai, da shi aka buga, da shi kuma aka sha kashi. Ka ce a yi musaya, sai maigida ya ce hannunsa ya saba da nasa. Mutumin da yake ƙirga ɗaya bisa sittin na sakan ya ba ka fad mai jinkirin rabin yini, sannan ya ce kai ne ka makara. Ni na tabbata rabin gwanayen unguwanninmu ba gwanaye ba ne, masu fad ɗin kirki ne kawai.

A gidan gem kuma doka ɗaya ce tun fil azal: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya biya. Ma'ana sabon shiga shi ne yake ɗaukar nauyin karatun gwani. Ya zo da kuɗin tara na makaranta, a cinye su cikin minti biyar, gwani yana zaune tun hantsi bai kashe ko sisi ba. Ko a fagen dambe, inda ake zubar da haƙora na gaske, ba a ɗauko yaron da ya fara ɗaure hannu jiya a haɗa shi da irin su Shago. Yara da yara ake farawa, manya sai can an jima. 'Yan dambe sun san idan aka kashe na ƙasa tun ranar farko, gobe babu mai shiga fage. Masu digiri a firem har yau ba su gano wannan ba.

Suna son ambaton Arslan Ash, ɗan Lahor ta Pakistan da ya ci Tekken 7 a Evo ta Japan da ta Las Vegas duk a 2019, ya doke Knee na Koriya ta Kudu, ya yi sujada a gaban duniya. Suna cewa ga shi nan, daga ƙasa irin tamu ya fito. Gaskiya ne. Amma shi da kansa ya ce akwai gwanaye da yawa a can gida, wato dai ya taso cikin jama'ar da ake bugawa da ita kullum. Kai da ka kori duk yaran layinku, har ƙanenka ya koma Ludo a waya, da wa za ka yi atisayen? Da mutum-mutumi?

Saboda haka mai karatu, idan wani ya gayyace ka gem ɗin faɗa ya ce "zo in koya maka", kada ka yi gardama, kada kuma ka nuna tsoro. Ka ce ka yarda, da sharaɗi biyu: a yi musayar fad, kuma Eddy za ka ɗauka. Idan ya fara kame-kame, ka nemi takalmanka.