Yadda Ake Bin Sawun Albashin Da Haraji Ya Gatsa

Alat ɗin watan jiya ya same ni a gaban mai shinkafa. Na dubi waya, na ce a rage kwano biyu. Duk mai karɓar albashi ya san wannan kallon wayar, don haka mu wuce batun salati.

Na ɗaya, karɓo takardar albashinka. Za a ce injin bugawa ba tawada. Kada ka tafi, ɗauki hoton kwamfutar akanta da wayarka.

Na biyu, shiga da lissafi a ka. Dokar harajin da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta ce naira 800,000 na farko a shekara ba a taɓa su, naira 2,200,000 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Sannan sai an ware kashi 8 na fansho kafin a auna. Ni a kan jimlar albashina aka ɗora wuƙa, kamar mahaucin da ya auna maka nama har da igiyar da aka jawo san da ita.

Na uku, rasit ɗin haya. Doka ta yi rangwamen kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. To, wa zai ba ka rasit? Shekara tara ina biyan mai gidanmu a zaure, ya lasa yatsa ya ƙirga, ya zura a aljihun babbar riga, ya sa mini albarka. Ranar da na ce, "Alhaji, a ɗan rubuta mini takarda," sai ya ajiye carbi ya ce, "Malam, da hukuma kake son haɗa ni?" Kwana uku ko gaisuwata bai amsa ba. Yanzu ma har ya fara zancen ɗansa zai yi aure, yana neman ɗaki.

Na nawa muke? Oho. A ofishin kuɗi cewa za a yi "sistem ne ya cire". Sistem ɗin nan ba ya zuwa masallaci balle ka tare shi bayan la'asar. Yanka cikin ƙiftawar ido, mayarwa kuwa sai wasiƙa, sai sa hannu uku, sai oga ya fito daga mitin, sai "za a daidaita wata mai zuwa".

Tun zamanin jangali talaka ke biyan haraji, mu ma ba mu ƙi ba. Amma akantoci, don girman Allah ku ware fansho kafin ku yanka. Abin da kuka ɗiba a kaina kuɗin makarantar 'yata ne.