Makirufo Mai Kunnen Ƙashi

Ina da wata matsaya da za ta ɓata wa masu shagon kayan sauti na Sabon Gari rai, kuma zan kare ta ko da za su daina amsa mini sallama: makirufon da ya fi dacewa da mawaƙi a dandalin Ƙaraye ko Rogo shi ne wanda ya fi kunnen ƙashi. Mai waya nake nufi, mai nauyi a hannu, wanda ba ya jin komai sai bakin da aka manna masa. Masu kwatanta makirufo a kan takarda sukan yaba wa wanda ya fi kaifin ji, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai a ɗakin da aka toshe da soso suka yi gwajinsu. Mu kuwa filin firamare ne dandalinmu, ko ƙofar gidan ango, janareta na kuka a bayan rumfa, 'yan acaɓa na wasa da totur, ƙurar hunturu ta tashi, iyayen biki kuma na musu a kan tukunyar shinkafa.

Makirufon hannu iri biyu ne. Akwai wanda cikinsa maganaɗisu ne da siririyar waya a naɗe, iskar murya ta girgiza ta, sautin ya koma lantarki, ba ya neman batir ba ya neman komai. Sarkin wannan dangi shi ne SM58 na kamfanin Shure na Amurka, wanda ya fito a 1966, nauyinsa giram 298, kuma har yau ba a sauya masa kama ba. Ƙannensa su ne e835 na Sennheiser ta Jamus, da XM8500 na Behringer mai araha, da na Ahuja ta Indiya, kamfanin da lasifikunsa suka cika masallatanmu. Ɗaya dangin shi ne kwandensa, irin KMS 105 na Neumann, wanda sai na'urar haɗa sauti ta ba shi wuta bolt 48 kafin ya ce uffan. Shi yana kama kaifin sauti har zuwa has 20,000, SM58 kuwa a 15,000 ya tsaya. Mai shago zai nuna maka waɗannan lambobi kamar sakamakon jarrabawa. Tambayar da ba zai so ka yi masa ba ita ce: me ke cikin wannan ƙarin dubu biyar a gidan biki? Ba muryar mawaƙi ba ce kaɗai. Akwai ƙarar cakansami da faranti, da kaifin guɗar 'yar'uwar ango. Kwandensa kamar tsohuwar da ke zaune kusa da ƙofar zaure yake, duk abin da ya gifta sai ya ji, kuma duk abin da ya ji sai ya faɗa wa unguwa.

Sai batun ihun nan da lasifika ke yi har jarirai su farka, a juya ana hararar mai inji. Ba aljanu ba ne, kuma sau da yawa ba laifinsa ba ne. Sautin da ya fita daga lasifika ne ya sake shiga makirufo, aka ƙara shi, ya sake fita, ya sake shiga. Makirufon waƙa an yi shi ne ya ji gabansa ya toshe kunne ga bayansa, kuma dabarar tana cikin wasu 'yan ƙofofin iska a bayan kan. Mawaƙinmu na zamani kuwa ya ga 'yan gambarar Amurka a waya suna dunƙule kan makirufo da tafin hannu, shi ma ya dunƙule. Da ya rufe ƙofofin nan, makirufo ya koma jin kowace kusurwa, lasifika ta kurma ihu, shi kuma ya ɗaga hannu yana yi wa mai inji alamar ya gyara. Wani kuma akasin haka yake yi, ya riƙe makirufo a saitin cibiya, alhali duk lokacin da nisan baki ya ninka, ƙarfin muryar da ke shiga yana raguwa da desibel 6. Mai inji ya ƙara murɗawa don a ji shi, ihu ya dawo. Ban da shugaban taro, wanda ba zai fara jawabi ba sai ya buga kan makirufo da yatsa sau uku, ya hura, ya tambayi jama'a ko ana jin sa. Makirufon da zai rayu a hannun waɗannan bayin Allah shi nake nema, kuma kan SM58 ragar ƙarfe ce da aka yi ta don ta loɓa ta kare cikin. Ta loɓa a kwance ta a sa wata, ta sha ƙura da yawun goro a wanke ta.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce ta mara waya, kuma ban raina ta ba. Mawaƙin biki ba a wuri ɗaya yake cin abinci ba. Dole ya bi Alhaji har kujerarsa, ya kira sunan kakansa, ya tsaya a kansa har hannu ya shiga aljihu. Waya kuwa tana da iyaka, in ta ƙare taku uku kafin kujerar mai liƙi, an yi asara. Na yarda. Amma a lissafa abin da ake biya. Batirin da ake saye a teburin mai kanti ba shi da alkawari, ya fi son mutuwa daidai baitin da aka ambaci uban amarya. Marasa waya masu araha kan faɗa zango ɗaya, shi ya sa idan biki biyu suka yi maƙwabtaka, sai a ji sanƙiran wancan gida yana wasa angon da ba namu ba ta lasifikarmu. Mafi muni, mara waya yana bin mutum inda mai waya ba zai bi shi ba. Mawaƙi ya gama zagaye, ya soka shi a aljihu bai kashe ba, ya koma bayan rumfa yana faɗa wa yaransa ra'ayinsa game da rowar dangin amarya, dangin amarya kuma na zaune a gaban lasifika. Ni dai shawarata, mai waya na jagoran waƙa ne da 'yan amshi, mara waya a miƙa wa maroƙi, tunda shi yawo ne sana'arsa kuma ya saba da shan zagi.

Za a kuma ce mini SM58 ɗin da ke kasuwa rabinsa jabu ne. Ban ƙirga ba, amma jabun yana nan, kwalinsa ma har ya fi na gaskiyan sheƙi. Wannan hujja ce a kan suna, ba a kan dangi ba. Ahuja na gaskiya ya fi Shure na ƙarya, kuma wanda ya sayar maka da sabon SM58 a kuɗin buhun gawayi, ku biyun kun san abin da kuka yi.

Masu hujjar ƙarshe dattawa ne. Su ce Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya cika fage da makalanga ba tare da wannan surutu na lambobi ba, Barmani Coge kuma ƙwarya ta ishe ta. Gaskiya ne muryoyinsu a fili aka gina su, amma wannan hujja tawa ce ba tasu ba. Mai murya irin ta Shata ba ya bukatar makirufon da zai tono masa kowane numfashi, mai isar da saƙo kawai yake so. Wanda ke neman mai tsada ya rufa masa asiri shi ne yaron da kwamfuta ta gyara wa murya a situdiyon Kano, ya zo Rogo da waƙarsa a filas, dije ya saka, shi kuma yana motsa baki yana lumshe ido. Wannan ba ruwansa da Shure ko Neumann, ko ɓawon rake aka ba shi zai riƙe. Abin da ya kamata ya kwatanta kafin ya hau dandali shi ne man da ke cikin janareta da tsawon waƙarsa, domin in injin ya yi tari ya mutu a tsakiyar amshi, jama'ar Rogo za su ji muryarsa ta ainihi ba tare da taimakon kowane kamfani ba.