Masu Farautar Ilhama da Kyamara

Ilhama, wato abin da kan faɗo wa mai fasaha a zuciya har ya ga abin da jama'a suka wuce ba su gani ba, ta zama babbar damuwar wani rukuni da ya yawaita tun da wayar hannu ta haɗiye kyamara, su ne masu ɗaukar hoto na sha'awa, waɗanda ba da hoton suke ci ba, ba kuma wanda ya aike su. Magabatan sana'ar ba su san wannan ciwo ba. Bafaranshen nan Nicéphore Niépce, wanda wajajen 1826 ya ɗauki hoto mafi daɗewa da ya tsira zuwa yau, tagar gidansa kawai ya leƙa, ya bar faranti yana shan haske na aƙalla sa'o'i 8, kuma abin da ya fito bai wuce rufin gine-gine ba. Ko bayan da George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a 1888, har zuwa zamanin fim mai hoto 36 da dattawa ke tunawa, kowace dannawa kuɗi ce, saboda haka mutum kan yi tunani kafin ya danna. Yau dannawa ta zama kyauta, shi ya sa tunanin ya fara ƙaranci.

Ciwon yakan soma ne da imanin cewa ilhama a cikin na'ura take zaune. Mai wannan aƙida zai yi sammako zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, yana ƙirga idanun da ke bayan kowace waya, yana tambayar megafiksel, wato ma'aunin yawan ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, alhali bai taɓa wanke hoton da ya wuce tafin hannu ba. Bayan ya zuba albashin wata biyu, binciken da iyalinsa kan gudanar yana nuna cewa hotunan ba su canza ba, illa dai kurakuran da a da ke ɓuya a cikin dishi-dishi yanzu sun fito tarwai.

Idan na'ura ta gaza, sai a ɗora laifin a kan unguwa, a ce babu abin ɗauka a cikinta, daga nan kuma a shiga ziyarar wuraren da kowa ya yarda cewa ilhama na kwana a can. Na gaba a cikinsu ita ce marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, inda marini, wato mai rina tufa da baba, ya gane tuntuni cewa ɗaga ƙyalle ɗaya daga rijiyar rini sau goma a gaban baƙi ya fi rina goma saurin kawo na goro. Kowane maziyarci yakan durƙusa a gurbin da na jiya ya durƙusa, ya karkata wayar yadda na shekaranjiya ya karkata, ya koma gida da yaƙinin cewa shi ne ya gano shuɗi. Daga can sai Dutsen Dala domin abin da masu hoto ke kira sa'ar zinare, wato ɗan lokacin da rana ke gab da faɗuwa haskenta ya yi laushi, lokacin da a wannan ƙasa yake karo da shirin sallar magariba, ta yadda mai fasahar kan sauko da gudu, bai sami hoton ba, ya kuma rasa raka'a biyu. A kwanakin hunturu ma hazo kan haɗiye ranar tun la'asar, amma wannan ba ya hana a wallafa farin allon da ya fito, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa duniya ba ta da tabbas.

Hawan Daushe, ɗaya daga cikin hawan Sallah na Kano da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024, shi ne babbar kakar wannan jama'a. Mahaya sun sha rawani, dawakai sun sha ado, 'yan bindiga na barin wuta, amma mai sha'awar hoto bai ga ko ɗaya da idonsa ba, domin ya wuni yana kallon gilashin waya, kuma mafi yawan abin da ya kwaso ƙeyoyin 'yan'uwansa ne da wayoyinsu a sama.

Akwai kuma wani reshe da ya fi sauran zurfin falsafa, wanda ya yi amanna cewa kowane tsoho mai tamoji da kowane almajiri mai kwano saƙo ne ga bil'adama. Hanyar aikinsu sananniya ce: a ɗauki mutum ba sallama ba izini, a cire launin hoton ya koma baƙi da fari domin talaucin ya ƙara fitowa, sannan a buga tambari, wato sunan mai hoton da ake mannawa don tsoron ɓarayin fasaha, wanda sau da yawa girmansa kan rufe kwanon da aka ce saboda shi aka yi ɗaukar. Yabo yakan zubo a Instagram da Facebook, amma har yanzu ba a ga kwanon da yabon ya cika ba, kuma a nan rahar takan ɗan yi ɗaci.

Masu nazarin tarihin hoto sun sha jawo hankali ga Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe situdiyonsa a 1948 ya kuma yi suna da hotunan mutanen garinsu a tsakar gidansa, har ma zanen gadonsa ya taɓa ratayawa a bayansu, da kuma J. D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya, wanda daga 1968 ya duƙufa kan kitson mata har ya tara hotuna kusan 1,000 na abin da kowa ke gani kullum. Darasin a fili yake, sai dai mai sha'awar hoto idan ya ji wannan labari yakan fahimci cewa asirin yana cikin zanen, don haka washegari za a gan shi a Kantin Kwari yana tayin shimfiɗar gado.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne dangi, domin da zarar an san akwai mai kyamara a zuri'a, an huta da biyan mai hoto a suna da biki. Goggo ta ɗaura ɗankwalin da ta yi wata uku tana tanadi, ta zauna ta gyara murmushi, amma abin da ya iso wayarta rabin kunne ne da hannu mai lalle, sauran kuma an dusashe su da gangan, dabarar da mai hoton ke bayyanawa da cewa tana jan ido zuwa ga ma'ana. Goggo, wadda ma'anarta ita ce a ga ɗankwalin, takan tura a kira yaron maƙwabta ya ɗauke ta da tsohuwar waya. Shi kuwa mai fasahar, ranar da makaranta ko ofis suka nemi hoton fasfo, yakan bar kyamararsa a gida ya nufi mai hoton bakin titi, wanda zai jingina shi da farin ƙyalle, ya ce masa ya ɗaga haɓa ya daina motsi, ya miƙo masa guda huɗu kafin shayi ya huce.