Allon da Ya Ƙi Magana

Ƙaramin allon LCD mai layi 2 da gurbin harafi 16 gwani ne wajen yin gum. Ka haɗa shi da Arduino, ka tura masa "Sannu", fitilarsa ta kama sarai, amma ko harafi ɗaya babu. Nan take sai a hau zagin mai shagon da ya sayar da shi, bawan Allah yana can yana cin tuwonsa.

Sau da yawa laifin wani ɗan abin murɗawa ne a bayan allon, mai daidaita duhun rubutu. Taɓa shi da bakin sukudireba, sai ga haruffa, ashe tun ɗazu suna nan.

In kuwa allon irin na serial ne, mai karɓar saƙo ta wayar RX, kuma tarkacen alamomi suka fito kamar rubutun aljanu, sau da yawa saurin aika saƙo ne bai zo ɗaya ba: allon na jiran 9600, kai kana zuba masa 115200. Wayar TX ta Arduino, mai aika saƙo, kuma RX ɗin allon, mai karɓa, take nema. Ka kai ta TX ɗin allon, ka haɗa masu surutu biyu, babu mai saurare. Sai wayar GND, wadda ba a tunawa da ita sai an ɗaga allon za a wurga a kwandon shara.